"Mandula" Ba Sunan Mace Ba Ne: Sara a Taken Waƙoƙin Kukuma

Yau za mu ɗan ajiye maganar haɗa kalmomi da raba su, mu leƙa wajen makaɗa, domin akwai wani darasin harshe da ke kwance a cikin wayoyinku ba ku lura da shi ba. In kuna da tsofaffin waƙoƙin kukuma a waya, ku duba, da wuya ku rasa "Waƙar Mandula" ta Ali Makaho. Tambayata ita ce: mece ce mandula? In shekarunku sun haura hamsin na san kun yi murmushi. In kuwa ba ku kai talatin ba, da yawanku za ku ce sunan wata ce.

To ba sunan kowa ba ne. Mandula tabar wiwi ce, a bakin masu shanta da waɗanda ke zama kusa da su. Waƙar kuwa a kan wannan tabar take da mashayanta. Wato dai taken waƙar sara ne, ba kalmar da liman zai faɗa a huɗuba ba ce, ba kuma wadda alƙali zai rubuta a takardar hukunci ba.

Kafin mu yi nisa, ku lura da kalmar "take" ita kanta. A yau muna cewa taken waƙa, taken taro, taken lacca, muna nufin kanu ko suna. Amma a wajen makaɗa take kiɗa ne, wanda in aka yi shi kowa ya san da wa ake, ko ba a buɗe baki ba. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, mahauta suna da nasu. A fagen bori, inda goge da garaya suka fi aiki, kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban. Kuma ku duba yadda ake kiransu, "iskoki" ko "mutanen ɓoye", ana kauce wa ambaton su kai tsaye. Ashe ke nan goge ya daɗe da sabawa da sakaya suna tun kafin a san wani abu wai shi faifai ko kaset.

Goge da kukuma 'yan gida ɗaya ne. Ƙwarya ce a rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, ana goga mata wani ɗan baka shi ma mai gashin doki. Kukuma ta fi ƙanƙanta, muryarta ta fi siranta. Sunan goge daga aikatau "goga" yake, sai dai ku kiyaye karin sauti: abin kiɗan ƙasa-sama ake faɗarsa, shi kuwa "goge" na "goge allo" sama-ƙasa ne. Rubutu ɗaya, furuci biyu. Sunan ya yi tafiya har wajen Yarabawa da ke cewa goje, da Dagomba na arewacin Gana masu cewa gonje. Su Garba Liyo aka sani da goge, su Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam da Ali Makaho kuwa kukuma ce tasu.

Me ya sa sara ya fi yawa a bakin masu wannan kiɗa fiye da makaɗan fada? Amsar tana wajen da ake kiɗan. Makaɗin kotso ko taushi gaban sarki yake tsugunawa, dole ya tace magana, ya zaɓo tsohuwar Hausa mai nauyi. Mai goge kuwa tun zamanin jihadi malamai suka sa masa ido, har Bahaushe yana yi wa abin kirari da "goge kan bidi'a". Wanda aka kora daga zaure ai dole ya nemi dandali. Ku ɗauki Zariya misali. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, can nesa da ganuwa, ya tara leburori da direbobi da 'yan kasuwa da baƙi daga kudu da mata masu zaman kansu. Abin da ba a yarda a yi shi a fili a cikin birni ba, a nan ake yin sa, har da sayar da giya. A irin waɗannan otal-otal da gidajen ne kukuma ta sami masu yi mata liƙi. Daga baya Samaru ta cika da ma'aikata da ɗalibai bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka ƙara samun wata kasuwar ta sababbin kalmomi. Makaɗi kuwa da harshen mai ba shi kuɗi yake waƙa. In masu zama gabansa 'yan tasha ne, Hausar tasha za ku ji.

Yanzu mu zo kan sara. Ana yawan cakuɗa shi da abubuwan da ba shi ba. Zaurance daban ne, shi wasa ne da gaɓoɓin kalma, a cusa wata gaɓa ko a juya su don kada na gefe ya gane. Aro ma daban ne: "Supa" da ke jikin sunan Garba Supa daga Turanci aka ɗauko, haka Kwangila da kuke hawa mota kullum in za ku Samaru. Sara kuwa kalma ce da ke da masu ita. Akwai wani rukuni da ya ƙirƙire ta ko ya karkatar da ma'anarta, alhali ga kalmar gama-gari nan ba ta ɓace ba, sun dai ƙi amfani da ita ne da gangan. Sannan sara yana tsufa, kamar yayin atamfa. Kalma ɗaya tana iya zama aro kuma sara a lokaci guda, kamar sholisho da roci, waɗanda suka fito daga Turancin da ke jikin gwangwani da kwalin magani, amma mashaya ne suka ba su ma'anar da muka sani.

Ita tabar wiwi dalilin sakaya sunanta a fili yake. Dokar soja ta 1966 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama yana sha ko yana riƙe da ita, mai nomanta kuma yana iya fuskantar kisa. An sassauta a 1975, daga baya aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Mutumin da shekara 10 ke jiransa kuna zaton zai tsaya a bakin kasuwa ya kira abin da sunansa? Sai ya ce ganye. Ganye kuwa ai har zogale ganye ne, wa zai kama ka don ka ce a ba ka ganye? Wannan shi ne taƙaita ma'ana: kalma mai faɗi a matse ta a kan abu ɗaya, na ciki ya gane, na waje ya wuce. Yarabawa ma haka suka yi, kalmarsu ta daji suka ɗora wa abin. Mandula tana cikin wannan jerin sunaye na ɓoyo, kuma daga nan ta hau kan waƙa.

A nan ne nake ganin gwanintar take, kuma a nan ne nake da magana da masu cewa suna ai suna ne kawai. Ku jera waƙoƙi uku a kan abin maye. Mu'azu Haɗeja ya rubuta "Waƙar Giya". Giya ya ce, sunanta na yanka, domin shi daga waje yake tsaye yana nuna ta da yatsa, wa'azi yake yi. Mamman Shata ya yi "A Sha Ruwa". Bai ce giya ba, ya ce ruwa, kalmar da mashaya ke faɗa a tsakaninsu, kuma da jin haka kun san a cikin taron yake zaune, ba a bakin ƙofa ba. (Ku dubi wannan "shan ruwa" da kyau: mai ƙishirwa ya sha ruwa, mai azumi ya sha ruwa da magariba, na mashaya ma ya sha ruwa. Jimla ɗaya, ma'ana uku, biyu daga ciki ko gaisawa ba sa yi. Muhallin magana ne kaɗai alƙali.) Sai Ali Makaho da mandula. Da ya ce "Waƙar Tabar Wiwi", da ta yi kama da sanarwar ma'aikatar lafiya a rediyo, kuma da wanda ake magana a kansa ya toshe kunne tun kafin a fara. Da ya kira ta da sunan da 'yan hannu ke kiranta, sai ya nuna musu ya san lungun, ya san masu lungun. Ko gargaɗi za ka yi wa mutum, ya fi saurarenka in ya ga ka san harshensa.

Amma fa abin yana da tsada, kuma ba zan ɓoye wannan ba don ina son waƙar. Sara yana sanyaya abu. "Giya" tana da nauyin haramci a kunne, "ruwa" ba shi da shi. Haka "mandula" tana da daɗin faɗa, gaɓa uku masu gangara, ga kukuma tana rangaji a ƙarƙashinta. Yaron da ya ji ana rera ta a gidan biki zai riƙe daɗin kalmar kafin ya riƙe abin da ake faɗa a kanta. Shi ya sa har gobe za ku sami masu jin waƙar a matsayin tonon silili ga mashaya, ku kuma sami mashayan da suka ɗauke ta tamkar takensu. Masu sukar irin waɗannan waƙoƙi ba su yi ƙarya ba a nan. Inda na rabu da su shi ne cewa wai a daina nazarin su. Wanda ya ga yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018, ya san cewa iyaye da yawa a gabansu 'ya'yansu ke maganar abin da suke sha, ba su gane ba, saboda ba su san kalmomin ba. Rashin sanin sara bai taɓa kare kowa ba.

Wani abin da waƙa ke yi wa sara shi ne ta kashe shi kuma ta adana shi a lokaci ɗaya. Amfanin kalmar ɓoyo shi ne a ɓoye take. Ranar da ta hau faifai, ta shiga rediyo, ɗan sanda ya ji, uwa ta ji, malamin makaranta ya ji, to ta tashi daga aiki. Dole masu ita su nemi wata. Da haka kalmar ke fita daga bakin mutane, ta rage a jikin waƙar kaɗai, kamar tsohon kuɗin da aka daina karɓa amma yana nan a ƙasan adaka. Dubi "Karen Mota" ta Ɗanmaraya Jos, duk da shi kuntigi yake kaɗawa ba kukuma ba. Karen mota Hausar tasha ce, yaron da ke bin babbar mota yana yi wa direba hidima. Ita wannan ta yi sa'a, ta tsallaka ta zama Hausar kowa. Mandula ba ta tsallaka haka ba, ta tsaya a zamaninta.

Daga nan ne nahawu ke shigowa ya rikita lissafi. Mahaɗin nan "-r" da ke cikin "waƙar" ba ya bambance mai waƙa da wanda aka yi wa waƙa da abin da aka yi waƙa a kansa. "Waƙar Shata" ita ce wadda Shata ya yi. "Waƙar Garba Bichi" ita ce wadda Shata ya yi wa Garba Bichi. "Waƙar Giya" kuwa giya ba ta yi waƙa ba, ba kuma yabonta aka yi ba. Siga ɗaya ce, dangantaka uku. Mai sauraro ne ke cike gurbin da abin da ya sani. To tunda mafi yawan waƙoƙin makaɗanmu na mutane ne, ga kalmar ta ƙare da "-a" kamar yawancin sunayen mata, ga babban baƙi a farkonta saboda take ne, me zai hana ɗan shekara 20 ya ɗauka wata baiwar Allah ce? Na taɓa gani da idona a rumfar wani mai tura waƙoƙi a waya a Sabon Gari, an sa wa waƙar suna "Hajiya Mandula". Wallahi har da Hajiya. Yaron ba shi da laifi sosai, ƙa'idar harshe ya bi, ilmin kalmar ne ya kuɓuce masa. Amma ku yi tunanin ɗalibin da zai ɗauko wannan ya jera ta a cikin waƙoƙin yabon mata a kundinsa.

Wannan ya kawo mu ga wani abin da ya kamata ku riƙe: sau da yawa ba makaɗi ne ke raɗa wa waƙarsa suna ba. Shi dai ya yi waƙarsa a dandali. Ma'aikacin rediyo da zai rubuta wani abu a jikin faifai, da mai sayar da kaset, da masu aiko da zaɓe, su ne ke ciro kalmar da ta fi fitowa a amshi su mai da ita suna. Yau kuma aikin ya koma hannun masu turi da masu ɗorawa a intanet. Shi ya sa waƙa ɗaya za ku gan ta da suna biyu ko uku. Kuma shi ya sa kurakuran rubutu suka yi mata katutu: "Wakan Mandula", "Wakar mandulla", da sauransu. Waƙa mace ce, don haka "waƙar" ne, ba "waƙan" ba. Kiɗa namiji ne duk da ya ƙare da "-a", don haka "kiɗan kukuma" ne, ba "kiɗar" ba. Ƙugiyar "ƙ" kuma ba ado ba ce.

Sai dai kada murnar gano sara ta sa ku riƙa ganin sa a ko'ina. Ga misali a gida. Marigayi Hassan Wayam, mutumin ƙasar Zamfara da ya yi zamansa a Zariya, ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa. Na sha jin matasa suna cewa "wayam" Hausar 'yan duniya ce, tunda a bakin mai kukuma suka fara jin ta. A'a. Wayam amsa-kama ce, 'yar uwar su fes da tsaf da tinjim da tsit. "Na buɗe tukunya na ga wayam." "Muka isa gidan, wayam, ba kowa." Kakarku a ƙauye tana faɗar haka, liman yana faɗa, ba wani rukuni da zai ce tasa ce, kuma ba wata kalma take ɓoyewa ba. Ku lura ma da siffarta: ta ƙare da baƙi, abin da kalmomin Hausa na asali ba su cika yi ba sai amsa-kama. Abin da ya faru shi ne makaɗi ya ɗauki kalmar kowa ta zama laƙabinsa, har ta koma kamar tasa. Hanyar mandula daga lungu ta fito zuwa waƙa. Hanyar wayam daga tsakar gida ta fito. Ba ɗaya ba ne.

Irin wannan ruɗanin ba mu kaɗai ke yin sa ba. Turawa ma suna da gogensu, kuma a cikin tsofaffin kaɗe-kaɗensa akwai wani sananne mai suna "Soldier's Joy", wato murnar soja. A Amurka za ku ji ana ba da labari cewa sunan sara ne na sojojin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, wai haka suke kiran mofin, maganin kashe zafin da ake ba waɗanda suka ji rauni. Labari mai daɗi. Matsalar ita ce kiɗan da sunansa suna nan a Sikotilan tun ƙarni na 18, har mawaƙinsu Robert Burns ya ɗora baitoci a kan karinsa a 1785, shi kuwa mofin sai a farkon ƙarni na 19 aka fara tace shi. Ɗa ba ya riga ubansa haihuwa. In ma sojoji sun kira maganin da wannan suna, to daga kiɗan suka ara, ba kiɗan ne ya ara daga gare su ba. Don haka duk lokacin da aka ce muku take kaza daga sara kaza ya fito, ku fara tambaya: wanne ya riga wanne?

Haka kuma ku yi hattara da kamannin sauti. Akwai masu jin "mandula" su ce ai daga Mandela ne. Don me? Don sun yi kama a kunne, shi ke nan. Bahaushe yana faɗin Mandela lafiya lau ba tare da ya mai da "e" ta koma "u" ba, kuma babu abin da ya haɗa mutumin da wannan ganye. In kamanni hujja ne, to sai mu ce "bara" ta almajiri da "bara" ta shekarar da ta wuce abu ɗaya ne. Mai son gano tushen kalma sai ya nuna wa ya faɗe ta, a ina, yaushe, da wace ma'ana.

Kuma wannan aiki ne da ku ɗaliban da ke Samaru kuka fi kowa damar yi. David Ames, Baturen da ya yi bincike a kan makaɗan Zazzau, shi da Anthony King sun fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, sun tattara sunayen kayan kiɗa da rukunan makaɗa da lokutan da ake kiɗan. Abin da ke jiran mai yi yanzu shi ne kalmomin cikin waƙoƙin kansu, musamman na kukuma da goge, waɗanda aka daɗe ana yi musu kallon ba su kai a nazarta ba. Daga Samaru zuwa Sabon Gari kuɗin mota ɗaya ne. Tsofaffin direbobi suna nan a tasha, tsofaffin masu sayar da kaset wasunsu suna nan a kasuwa sun koma sayar da wani abin, waɗanda suka yi amshi ko suka riƙe kalangu a bayan masu kukuma ba su ƙare ba tukuna. Ku kunna musu waƙa, ku tsayar a duk kalmar da ba ku gane ba, ku tambaya: wa ke faɗin wannan a lokacinku, kuma a gaban wa ba a faɗinta? Tambaya ta biyun ita ce za ta nuna muku ko sara ce. Ku rubuta sunan unguwa da shekarar da mai ba ku bayani ya ce ya fara jin kalmar, ku kuma tambayi mutum fiye da ɗaya, don tsofaffi ma suna da nasu ƙarin gishirin.

In kun tashi rubutawa, take yana ɗaukar babban baƙi da alamar zance: "Waƙar Mandula". In kuwa tabar kuke nufi a cikin jimla, ƙaramin baƙi ne: an kama shi da mandula.